Kumbona yana ƙonewa tun ban sauko kilomita 60 ba, ina kuskuren yake?

Mai_Gyara_Maradi:

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Na daɗe ina leƙo zauren nan ina karatu shiru, yau dai tura ta kai bango.

Sana'ata gyaran salula da ordinatar, ina da ɗan shago nan Maradi gefen babbar kasuwa. Bara wani ɗalibin jami'a ya kawo mini ordinatarsa ta ƙi tashi. Na gyara, kuɗinsa bai cika ba, sai ya ce in ba shi kile ya zuba mini wani abu a madadin cikon. Abin da ya zuba shi ne Orbiter, manhajar kwaikwayon tuƙin kumbo, tare da wani kumbo mai fiffike da ake ƙara mata, XR2 Ravenstar. Da na san yawan barcin da abin nan zai ci mini, da na ce ya tafi ya nemo jikata biyu.

Kafin nan na yi kusan shekara biyu ina tuƙa ƙaramin jirgin Cessna a FlightGear, manhajar kwaikwayon tuƙin jirgin sama, don haka na shigo da girman kai, ina ganin jirgi ai jirgi ne. Tashi daga Kef Kanaberal, filin harba kumbo na Amurka, na koye shi cikin sati uku. Shiga kewayen duniya, na iya. Har haɗuwa da tashar sararin samaniya na yi sau biyu, ko da yake na biyun na ɗan buga mata hanci. Komowa gida ita ce ta gagare ni.

Ga yadda nake yi. Ina kewaye a tsawon kilomita 400, sai in juya kumbon gindi a gaba, in kunna inji, in bar shi yana ci har lambar PeA, wato tsawon wuri mafi ƙasa a kewayena, ta koma ƙasa da sifili, don in tabbata zan sauko. Sai in sake juyowa, in saita hanci wajen ƙasa yadda nake yi da Cessna idan zan sauka. A kilomita 80 lafiya lau. A 70 sai wuta ta fara lasar tagar. Kafin in kai 60 lambobin zafin jiki duk sun koma ja, muryar matar nan ta cikin kumbon tana ta gargaɗi, shi ke nan, an mutu. Da na gaji da mutuwa sai na ce bari in ɗaga hanci. To a nan ne aka yi gudun gara aka faɗa gidan zago: kumbon ya yi tsalle ya koma sama da kilomita 100, kamar falalen dutsen da muke jifan ruwa da shi a tafkin Madarunfa muna yara, sannan ya sake faɗowa da mugun ƙarfi ya ƙone a karo na biyu. Sau ɗaya tak na tsira da rai, na duba taswira na gan ni tsakiyar teku, filin saukar yana bayana da nisan da ko ban faɗa ba.

A bayan littafin da nake rubuta bashin masu gyara nake ajiye lissafin mutuwata. Jiya na ja layi na 23.

To wai nawa ya kamata in ƙona tun farko? Kuma idan ba a saukowa da tura hanci ƙasa, da mi ake saukowa? Ni abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda mutum zai kashe inji a wancan gefen duniya kuma ya zo ya dira kan titi ɗaya tak ba tare da ya sake kunna shi ba. Ba ni da sandar tuƙi, da madannai nake yi, su ma sai da na sayi na waje don ordinatar tawa ba ta da ɓangaren lambobi na dama. Kuma don Allah a yi mini bayani da Hausa. Lakwal ɗin Faransanci na yi, littafin manhajar kuwa da Ingilishi yake, ina karanta layi ɗaya ina tsallake uku.

Mushe_Tibiri:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ni ban taɓa kunna wannan manhaja ba, kimiyyar lissafin motsi nake koyarwa a lise, amma daga bayaninka na ga wurare biyu da kake kashe kanka.

Fara da tambayar kanka abin da kake ɗauke da shi. Kumbon da ke kewaya duniya a ƙasa-ƙasa yana gudun kilomita 7.8 cikin daƙiƙa ɗaya, wato kimanin kilomita 28,000 a awa. Maradi zuwa Yamai bai kai masa minti ɗaya da rabi ba. Idan ka yi lissafin ƙarfin motsin da ke cikin wannan gudu, kowane kilo ɗaya na jikin kumbon yana ɗauke da abin da ya kusa kai ƙarfin litar esansi ɗaya. Kumbon Amurka mai fiffike, irin su Atlantis, wanda aka daina aiki da shi a 2011, ya kai tan 100 idan zai sauka. Ka ga kenan kamar kwalaben ƴan ruwa-ruwa dubu ɗari ne, kuma dole kowace kwalba ta ƙone kafin taya ta taɓa ƙasa. Ba ka da ikon hana ta ƙonewa. Ikonka biyu ne kawai: a ina za ta ƙone, kuma cikin minti nawa.

Mutane da yawa suna cewa gugar iska ce ke kawo zafin. Mafi yawansa ba guga ba ce, matsi ne. Taɓa gindin famfon keke bayan ka ba taya iska, za ka ji ya yi ɗumi. Kumbon yana tafe da saurin da iska ba ta samun damar kaucewa, sai ta taru a gabansa ta matse ta yi zafi har ta koma harshen wuta. Wani masani a Amurka, H. Julian Allen, ya gano tun farkon shekarun 1950 cewa abu mai faffaɗar fuska ya fi mai tsini tsira, domin faffaɗar fuskar tana ture wannan matsattsiyar iska gaba, ta tsaya ɗan nesa da jiki, ta kwashe yawancin zafin ta wuce da shi. Kai kuma kana shiga da tsinin hanci kamar mashi. Shi ya sa kumbon Amurka yake shigowa da hanci a ɗage digiri 40 bisa hanyar da yake bi, cikinsa ne ke karɓar iskar. Duk da haka hanci da bakin fukafukai suna kai digiri 1,600 na zafi. Ƴar ɓula a bakin fiffiken hagu ita ta halaka kumbon Columbia da mutum bakwai ranar 1 ga Fabrairu 2003.

Na biyu, ƙonawarka ta farko ta yi yawa ƙwarai. Idan ka saukar da ƙasan kewayenka har cikin ƙasa, to ka zaɓi ka shigo a tsaye, ka afka iska mai kauri alhali ba ka rage gudu ba. Su kumbon Amurka minti biyu zuwa uku kawai suke kunna ƙananan injinansu, abin da suke ragewa bai kai mita 100 a daƙiƙa ba daga cikin kusan 7,800. Awa ɗaya kafin sauka ake yin wannan, a wancan gefen duniya. Suna taɓa iska a tsawon kilomita 122, ka ce nisan Maradi zuwa Tasawa ne aka tsayar, suna gangarowa da abin da bai wuce digiri ɗaya da rabi ba. Daga nan sai su yi ta lanƙwasa dama da hagu don su ƙara tsawon hanya su ƙarar da gudun.

Ka rage ƙonawar, ka ɗaga hanci, ka dawo ka ba mu labari.

Ɗan_Agadas:

Hhh Mai Gyara, layi 23 a littafin bashi! Wa zai biya? Ni shawarata ka ajiye wannan ka fara da manhajar Kerbal Space Program. A can duniyarsu ƙarama ce, iska tana farawa a kilomita 70, ka saukar da ƙasan kewaye zuwa wajen 30, ka juya garkuwar zafi gaba, ka buɗe lema, ka gama. In ka mutu ma da dariya za ka mutu. Sai dai ita saye ake yi, ba kyauta ba ce kamar taka.

Bakanuwa_Injiniya:

Sannu Malam Mai Gyara. Na yi shekaru ina fama da wannan kumbo naka, kuma mutuwata ta fi taka yawa, don dai ban rubuta ba ne. Kada ka bi Ɗan Agadas tukuna. Kwanson da ke faɗowa da lema wani darasi ne daban, kai mai fiffike kake son koya.

Duk abin da Mushe ya faɗa a kan zafi haka yake. Amma Mushe, da girmamawa, jimlarka ta lanƙwasa dama da hagu ina da gyara a kanta, kuma a nan ne amsar Malam take. Lanƙwasar nan ba don ƙara tsawon hanya ake yin ta ba. Ita ce hanyar saukowar kanta.

Malam, ka manta da Cessna. A can hanci ne ke hawa da sauka da kai. A nan hanci an ɗaure shi a digiri 40, ba naka ba ne, na zafi ne, kada ka taɓa shi. To amma kumbon da ya ɗaga hanci haka yana wannan gudun, iska tana tura shi ta ciki zuwa wajen bayansa da ƙarfi sosai. Idan fukafukanka suna kwance daidai, duk turin nan sama yake kai ka. Tsallen da ka yi kenan, ba wani aljani ba ne. Yanzu ka kishingiɗar da kumbon a gefe, digiri 60 ko 70, hanci yana nan a 40 ɗinsa. Turin bai ragu ba, amma yawancinsa ya koma gefe, ɗan kaɗan ne ya rage yana riƙe ka. Sai ka fara nitsewa a hankali. Kana son saukowa da sauri, ƙara kishingiɗa. Zafi ya fara yawa, rage kishingiɗa, kumbon ya daina nitsewa ya zauna a iska marar kauri har gudu ya ragu. Da wannan kaɗai ake tuƙi tun daga sama har gudu ya sauko kusan ninki uku na saurin sauti.

Illarta ɗaya: turin da ka mayar gefe yana karkatar da kai daga hanyar gida. Shi ya sa idan filin sauka ya kauce maka da yawa sai ka mirgina zuwa ɗaya gefen. Ni ina mirginawa idan ya kai digiri 15. Wanda ya kalli zanen hanyar daga sama zai ga kamar tafiyar maciji, sai ya ɗauka da gangan aka yi don tsawaita tafiya, alhali sakamako ne kawai.

A aikace ga abin da nake yi. Ina yin ƙonawar farko idan filin yana kusan rabin duniya a gabana, in tsayar da ita PeA yana tsakanin kilomita 40 da 60, ba ƙasa da sifili ba. In rufe komai, musamman abin sanyaya injin da ke buɗewa a baya, don in ka bar shi a buɗe shi zai fara tafiya. In zubar da man da ya yi yawa, domin kumbo mai nauyi sai ya nitse cikin iska mai kauri kafin ta iya riƙe shi. Sannan in kunna na'urar riƙe tsayuwa ta XR2 in sa ta a AOA 40, wato hanci a ɗage digiri 40 bisa hanyar da kumbon yake bi. Kada ka ji kunyar wannan. Kumbon Amurka ma kwamfuta ce ke tuƙa shi a duk wannan zangon, kwamandan yakan karɓa da hannu ne a mintunan ƙarshe, bayan gudu ya sauko ƙasa da na sauti. Da madannai ba za ka iya riƙe hanci da hannu kana kuma kula da kishingiɗa ba.

A allon Surface akwai lambobi biyu, VS da VACC. Ta farko tana gaya maka saurin nitsewarka yanzu, ta biyu tana gaya maka inda ta farkon ta dosa. Sabon shiga yana kallon ta farko, shi ya sa kullum a makare yake. Abin da ka danna yanzu sai bayan rabin minti za ka ga aikinsa, kamar mai juya tirela. Tsakanin kilomita 70 da 55 ni ba na barin nitsewa ta wuce mita 100 a daƙiƙa, kuma da zarar na ga VACC ta karkata sosai nake gyarawa, ba na jira zafi ya yi magana. Kuma ka cire yatsanka daga T, madannin hanzarta lokaci. Na san zangon yana da tsawo, kusan rabin awa daga taɓa iska zuwa ƙasa, amma saurin lokaci a cikin iska yana rikita na'urar riƙe tsayuwa.

Ƙarshen kuma wani yaƙi ne. Jirgin fasinja yana gangarowa titi da digiri 3, kumbon Amurka da kusan 20 yake zuwa, sai a tsawon mita 600 ya fara ɗaga hanci, ya taɓa ƙasa yana gudun kusan kilomita 350 a awa, kuma babu injin da zai ce a sake zagayowa. Kwamandojin sai da kowannensu ya yi gwajin saukar nan kusan sau 1,000 a wani jirgi ƙirar Gulfstream II da aka gyara don ya riƙa faɗowa kamar kumbon. Kai kana 23.

Wani abu na gefe. A farkon shekarun 1960 hukumar NASA tana da tashar bibiyar kumbo a nan Kano. Lokacin da ɗan sama jannatin Amurka John Glenn ya kewaya duniya ranar 20 ga Fabrairu 1962, Kano na cikin tashoshin da ya bi ta kansu. A tafiyar nan ne wata alama ta nuna kamar garkuwar zafinsa ta kwance, aka sa ya shigo iska ba tare da ya yar da rokokin birkinsa ba don igiyoyinsu su riƙe ta. Daga baya aka gano alamar ce ta yi ƙarya. Shi bai da Ctrl da S, madannan da ake ajiye tafiya da su don a sake farawa daga nan.

Mushe_Tibiri:

Na karɓi gyara, Malama. Shekara nawa ina gaya wa ɗalibai batun tsawaita hanya. Gobe zan zana musu kibiyar turin a allo in kishingiɗar da ita.

Mai_Gyara_Maradi:

Jama'a ku gafarce ni, kwana tara ban leƙo ba. Mushe, Malama, Allah Ya saka da alheri. Ɗan Agadas, kai kuma za mu haɗu.

Daren farko na yi duk yadda Malama ta ce, amma da na ga kumbon ya kwanta a gefe, ƙasa tana ta tagar hagu, sama tana ta dama, sai hannuna ya ƙi yarda. Shekara biyu na Cessna suka ce mini faɗuwa kake yi. Na miƙe shi, na yi tsalle, na mutu. Layi na 24. Na 25 da na 26 ma kusan haka, sai dai a na 26 ba ni na kashe kaina ba, kuran aka ɗauke ina kilomita 64, batirin ordinatar kuwa ya daɗe da rasuwa. Mai gyara da mataccen batir, na sani, kada wanda ya ce komai. Yanzu dai ina ajiyewa da Ctrl da S tun a kilomita 120, in na mutu daga nan nake sake farawa, ba sai na koma kewaye ba.

Abin da ya buɗe mini kai a gida ya fito. Tsohona ya yi shekaru yana jan babbar mota tsakanin Maradi da Kwatano kafin idonsa ya raunana. Ya same ni a zaure bayan isha'i ina fama, ya zauna yana tambayata wai wannan wace irin talabijin ce marar mutane. Na yi masa bayanin litar esansi ta Mushe yadda na iya. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To ai gangara ce da lodi. Yaron mota shi ne ke jira sai mota ta kwasa sannan ya danne birki, ya ƙone shi, ya rasa na tsayawa. Direba tun daga kan tudu yake zaɓar giyarsa." Na ce Baba, nan babu giya. Ya ce in nemi abin da ke madadinta. Na duba allon, na ga ai ita ce kishingiɗar, kuma tun kafin nitsewa ta yi ƙarfi ake sa ta, abin da Malama take nufi da kallon VACC kenan.

Na 29 na fito daga wuta da rai, zafin bai ko kai ja ba. Wallahi sai da na tashi na zagaya zauren. Amma na yi rowar kishingiɗa don tsoron zafi, sai na iso kan Kanaberal ina tsawon kilomita 30 da gudu ninki huɗu na sauti, na wuce filin ina kallonsa ta taga kamar motar da ba ta tsaya a tasha ba. Na 31 na yi akasin haka, na ƙarar da gudun da wuri, na faɗi a daji saura kilomita 40. Na 32 komai ya yi kyau har na hango titi, sai madannai suka daina aiki. Ashe ƙaramin injin da ke ba fukafukai ƙarfin motsi, APU, na bar shi a kunne tun ina kewaye, mansa ya ƙare. Malama, wannan ba ki gaya mini ba!

Daren jiya, na 34, na sauka. Ba sauka mai kyau ba ce, na taɓa ƙasa bayan tsakiyar titi, na yi tsalle sau biyu, na tsaya tayar gaba tana cikin ciyawa. Amma mutanen ciki duk da ransu. Ƙarfe ɗaya da rabi na dare ne, ba wanda zan gaya wa, Baba ya yi barci. Da safe wata hajiya ta zo karɓar salularta ta tarar ban ko buɗe ta ba.

Saura abu ɗaya da ke ci mini rai. Duk lokacin da zan mirgina daga hagu zuwa dama, a tsakiya fukafukan suna ratsawa ta kwance, sai kumbon ya ɗan yi sama, VS ta koma tana hawa, lissafina duka ya lalace, in ɗauki minti biyu ina neman daidaito. A na 34 wannan ne ya sa na iso da tsawo fiye da kima. Haka abin yake ga kowa, ko ni ne nake jinkirin dannawa?

Bakanuwa_Injiniya:

Barka Malam! A gaishe da Baba, a ce masa 'yarsa ta Kano ta ari maganar giyar nan. Batun APU kuma laifina ne, na amsa. Ka bar shi a kashe sai ka kusa taɓa iska.

Haka yake ga kowa, domin a 'yan daƙiƙun da fukafukai suke kwance duk turin yana komawa sama. Abu biyu nake yi. Kafin in mirgina ina ƙara kishingiɗa kaɗan, in bar kumbon ya nitse fiye da yadda nake so, don hawan da zai zo ya cike gurbin. Sannan ba na tsayawa a tsakiya, ina danna madannin a jere har in kai ɗaya gefen, in ma zarce inda nake so da digiri 10, sai VACC ta kwanta in dawo da shi. Gwada daga ajiyarka ta kilomita 120, ka faɗa mini VS nawa ka gani kafin mirginawa ta farko da bayanta.